Shuɗi, Kore ko Baƙi: Wace Hanya Ta Fi Dacewa Wajen Matse Fayil ko Kulle Shi a Windows?

Sunan fayil a Windows baƙi ne bisa al'ada. In ka buɗe folda ka tarar wasu sunaye sun rikiɗe shuɗi, wasu kore, ba bairos ba ne, ba kuma allon ne ya fara mutuwa ba. File Explorer ne ke sanar da kai yadda fayil ɗin yake kwance a kan faifai. Shuɗi na nufin NTFS, wato tsarin da Windows ke shirya fayiloli a faifai da shi, ya matse shi don ya rage cin wuri. Kore na nufin an kulle abin da ke cikinsa da EFS, tsarin Windows na kulle fayil ta hanyar rikita bayanansa, asusun da ya kulle shi kaɗai ke iya karantawa. Fayil ɗaya ba ya haɗa launukan biyu, domin NTFS ba ya yarda a matse fayil a kuma kulle shi da EFS lokaci guda. A saitin fayil, kana sa maki a akwatin matsewa ko na kullewa, na ɗayan zai fita da kansa.

Launin kansa ba ya yi wa fayil komai. Ana kunna shi a kuma kashe shi a Folder Options, shafin View, a layin da aka rubuta “Show encrypted or compressed NTFS files in color”. A Windows XP da Windows 7 a kunne yake zuwa. A Windows 10 da 11 a kashe yake, sai ƙananan alamomi a kusurwar hoton fayil: kibiyoyi biyu shuɗɗa masu fuskantar juna ga matsattse, ɗan kwaɗo ga kullalle. Cire makin nan zai mayar da sunayen baƙi, amma fayilolin suna nan yadda suke. Wanda ya kashe kore don yana damun idonsa, gargaɗi kawai ya kashe.

Sau da yawa ma ba mai kwamfutar ne ya jawo launin ba. Disk Cleanup na Windows XP yana da zaɓin matse tsofaffin fayiloli, mutane da dama sun danna shi ba su lura ba. Windows 10 kan matse wasu foldoji da kansa in wuri ya ƙure masa lokacin sabuntawa. A Windows 7 kuma, zip da aka haɗa a kwamfutar Mac yakan fito da fayiloli kore in aka kwance shi da File Explorer.

Wannan duk maganar Windows ce. A tagar umarni ta Linux, launin da `ls` ke fitarwa daban ma'anarsa take: shuɗi folda ce, kore fayil ne da za a iya gudanarwa kamar manhaja, ja ƙunshi ne irin zip ko tar. A Mac kuwa ɗigon launi alama ce da mutum ya liƙa da hannunsa.

Wanda ya gane ma'anar launukan sai ya faɗa wata tambayar: in bar su haka, in cire su, ko akwai abin da ya fi su? Hanyoyi biyar ne a gabansa: matsin NTFS, EFS, BitLocker, 7-Zip da VeraCrypt. Biyun farko ne kawai ke sauya launin suna. Sauran ukun suna aikinsu, sunan fayil na nan baƙi.

Ma'aunan da za a bi

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi: mene ne ainihin damuwarka? Cikar faifai daban, tsoron ɓarawon laftof daban, tsoron abokin aikin da kuke amfani da kwamfuta ɗaya daban, aika takarda ta imel daban. Yawancin zaɓin banza daga nan yake farawa, mutum ya ɗauki maganin wata matsala ya ɗora wa wata.

Na biyu kuɗi, wanda a nan kusan duk ya ta'allaƙa ne ga irin Windows ɗinka, Home ko Pro. Na uku ƙarko: shin matsin ko kullen zai bi fayil in an kwafe shi zuwa filasha, an yi wa kwamfuta fomatin, ko an ɗora faifan a wata na'ura? Na huɗu sauƙin amfani kullum. Na biyar haɗari, wato ta wace hanya za ka iya rasa kayanka gaba ɗaya, da abin da za ka tanada kafin hakan ta faru.

Matsin NTFS, mai shuɗin suna

Tun 1995 yake cikin Windows NT, kuma yana cikin kowane Windows na yau, Home da Pro, kyauta. Ka danna ɓarin dama a kan folda, ka shiga Properties, sai Advanced, ka sa maki a “Compress contents to save disk space”. Mai son umarni zai buɗe tagar umarni (Command Prompt) a cikin foldar ya rubuta `compact /c /s`, `compact /u /s` kuma ya warware. Don ganin ribar da ka samu, ka kwatanta layi biyu a Properties: Size girman fayil na asali, Size on disk wurin da yake ci yanzu.

NTFS yana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gurbi 16 na faifai, wato KB 64 in girman gurbi KB 4 ne, ya matse kowace gunduwa ita kaɗai. Shi ya sa za ka buɗe fayil ka yi aiki kamar babu abin da aka yi masa, kwamfuta na warware gunduwar da ake buƙata nan take. Shi ya sa kuma matsin ba ya kai na zip ƙarfi. In faifan an yi masa fomatin da gurbin da ya wuce KB 4, zaɓin ma ba zai yi aiki ba.

Ribarsa ta dogara da irin fayil. Rubutu zalla, CSV, rajistar ayyukan manhaja, hotunan BMP, sautin WAV, waɗannan suna raguwa sosai. JPG, MP3, MP4 da zip kuwa an riga an matse su tun asali, ba abin da za ka samu sai wahalar da furosesa. Abin da ba kowa ya sani ba: fayilolin docx, xlsx da pptx su ma zip ne a cikinsu, don haka foldar takardun Office za ta yi shuɗi fes amma wurin da ta sake ba zai taka kara ya karya ba.

Ƙarkonsa na cikin gida ne. Ka matsar da fayil daga folda zuwa folda a faifai ɗaya, yana nan a matse. Ka kwafe shi, sai ya ɗauki halin foldar da ya sauka. Ka tura shi filasha mai FAT32 ko exFAT, tsarukan da ba NTFS ba, ko ta imel, da cikakken girmansa zai tafi. Wanda ya matse folda ta koma GB 6 yana zaton za ta shiga filashar GB 8, zai iya tarar da GB 11 yake ƙoƙarin cusawa.

Haɗarinsa kaɗan ne, babu makullin da zai ɓata. Amma akwai wuraren da ba a kai shi. Fayil babba da ake yawan rubutu a kansa, kamar rumbun bayanai ko faifan kwamfutar gwaji na VHD, yakan tarwatse a faifai ya yi nauyi. Windows ma yana ƙin ɗora VHD matsattse. A zamanin Vista da Windows 7, masu matse faifan C gaba ɗaya sun sha cin karo da saƙon “BOOTMGR is compressed”, kwamfuta ta ƙi tashi sai da faifan gyara. Kuma ba ya ɓoye komai daga kowa.

Windows 10 ya zo da wani matsi na daban ta umarnin `compact /c /s /exe:lzx`, wanda ya fi na da ƙarfi kuma ya dace da foldojin manhaja da wasanni da ba a cika sauya su ba. Wannan ba ya sa suna shuɗi, kuma duk fayil ɗin da aka gyara sai ya koma girmansa na asali.

EFS, mai koren suna

Ya zo da Windows 2000. Yana cikin Pro, Enterprise da Education. A Home akwatin “Encrypt contents to secure data” a dushe yake, ba ya dannuwa. In Pro gare ka, ba ƙarin kuɗi.

Sauƙinsa shi ne tarkonsa. Maki ɗaya ka sa a wurin nan na Advanced, ba a tambaye ka kalmar sirri ba, fayil ya koma kore, ka ci gaba da buɗe shi kamar jiya. Abin da ya faru a ɓoye shi ne: Windows ya ƙirƙiri makulli na musamman ga fayil ɗin, da hanyar kullewa mai suna AES-256 tun daga XP SP1, ya kulle wannan makullin da satifiket na asusunka, wato shaidar dijital da Windows ya yi wa asusun, ya kuma kulle sirrin satifiket ɗin da kalmar da kake shiga Windows da ita. Sarƙa ce mai zobe uku, kuma zobe biyu na ƙarshe suna zaune ne a cikin asusunka a faifan C, ba a cikin fayil ɗin ba.

Daga nan duk asarar EFS take fitowa. An yi wa kwamfuta fomatin, fayilolin suna faifan D ba abin da ya taɓa su, sunayensu ga su nan, girmansu daidai, amma kowanne ka danna sai “Access is denied”. Ka sake buɗe asusu da suna iri ɗaya da kalmar sirri iri ɗaya, ba zai buɗe ba, domin satifiket ɗin sabo ne. Ka cire faifan ka sa a wata kwamfuta, haka. Ka karɓe mallakar fayil a matsayin admin, haka. Akwai ta biyu da ta fi wannan ban haushi: in ka manta kalmar sirrin asusun gida, wani admin ya sake maka sabuwa da ƙarfi, zoben ƙarshe ya tsinke ke nan. Sauya kalma da kanka, wato ka sa tsohuwa sannan ka sa sabuwa, ba ya kawo wannan matsala. Tilasta sauyi daga waje ne ke kawo ta.

Maganin minti biyar ne, kuma dole a yi shi ranar da aka fara kullewa. Ka buɗe tagar umarni ka rubuta `cipher /x`, Windows zai nemi suna da kalmar sirri ya ba ka fayil mai ƙarshen pfx. Ko ka bi ta `certmgr.msc`, Personal, Certificates, ka nemi satifiket da aka rubuta wa Encrypting File System, ka zaɓi Export, ka tabbata ka amsa cewa a haɗa da makullin sirri. In ba ka haɗa shi ba, fayil ɗin da ka fitar ba shi da amfani. Ka ajiye pfx ɗin a filasha daban, ba a cikin koriyar foldar ba, ba kuma a faifan C ba. Ranar buƙata ka danna shi sau biyu a sabon Windows, ka sa kalmarsa, fayiloli su buɗe. A ma'aikatu masu tsarin domen, inda ake kula da asusun kowa daga wuri ɗaya, akan naɗa wakilin ceto mai makulli na biyu. A kwamfutar mutum ɗaya babu shi sai in ka ƙirƙira da `cipher /r`.

Ka kulle folda, kada ka kulle fayil shi kaɗai. Manhajoji irin su Word ba sa rubutu kai tsaye a kan fayil. Sukan yi sabo na wucin gadi, su goge tsohon, su ba sabon sunansa. In foldar ba a kulle take ba, takardar da ka bari kore za ka iya dawowa ka same ta baƙa. Windows da kansa yana ba da wannan shawarar lokacin da kake sa makin.

Me EFS ke tsarewa? Abin da ke cikin fayil, daga sauran masu asusu a kwamfutar da kuma wanda ya cire faifai. Ba ya ɓoye suna, girma ko kwanan wata, alhali wani lokaci sunan kaɗai ya isa tonon asiri. Ba ya hana mai izini goge fayil. In ka tashi ka bar asusunka a buɗe, duk wanda ya zauna kai ne a wurin Windows. Muguwar manhajar da ke garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa ma da sunanka take aiki, don haka kore ba ya tare ta. Ka liƙa fayil a imel ko ka ɗora shi a ma'ajiyar intanet, a buɗe zai tafi. Filasha kuwa fuska biyu gare ta: ko dai kullen ya cire a hanya, ko fayil ya tafi a kulle ya ƙi buɗuwa a inda ka kai shi.

A ganina wannan ce hanyar da ta fi kowace cin mutane ba su ji ba ba su gani ba, saboda ita kaɗai ce ba ta tsayar da kai ta ce ka ajiye wani abu kafin ta kulle. Ɗan saƙon tunatarwa take fitarwa a gefen allo, wanda yawancin mutane ke rufewa.

BitLocker

Ya fara da Windows Vista a 2007. In EFS kulle akwati ne a cikin ɗaki, BitLocker kulle ƙofar gida ne: faifan gaba ɗaya, da sunaye, da fayilolin wucin gadi, da Windows kansa. Sunan fayil ba ya sauya launi. Kwaɗo za ka gani a hoton faifan a This PC.

Cikakkensa na Pro, Enterprise da Education ne. Home yana da ƙaninsa, Device encryption, a kwamfutocin da suka cika sharaɗi. Daga Windows 11 sigar 24H2, sabon Windows da aka ɗora aka shiga da asusun Microsoft yakan kunna shi da kansa, don haka mutane da yawa faifansu a kulle yake ba su sani ba. Umarnin `manage-bde -status` a tagar admin zai gaya maka halin da kake ciki.

Amfaninsa kullum ba wahala. Makullin yana cikin TPM, ɗan guntun tsaro da ke jikin madabod, kwamfuta na tashi ta duba cewa ba a taɓa tsarin tashinta ba, ta saki makulli. Furosesoshin zamani suna da umarnin AES a jikinsu, don haka a aikin ofis da lilo a intanet da wuya ka ji wani nauyi. Lokacin kunnawa zai tambaye ka ko a kulle wurin da aka yi amfani da shi kawai ko faifan duka. Na farko ga sabon faifai ne. Tsohon faifai da aka sha goge abubuwa a kai, a kulle shi duka, don ragowar abin da aka goge na nan kwance.

Haɗarinsa guda ne babba, makullin ceto mai lamba 48. An sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, an sauya madabod, an taɓa saitin tsaron tashi na Secure Boot, an ɗora faifan a wata kwamfuta: shuɗin allo zai tare ka yana neman lambobin nan. In lambobin suna cikin asusunka na Microsoft, ko ka buga su a takarda, minti biyu ne. In babu, kamfanin da ya yi Windows ma ba zai buɗe maka ba. `manage-bde -protectors -get C:` yana nuna su tun kana iya shiga. Kafin sabunta BIOS ko kai wa mai gyara don sauya kaya, ka danna Suspend protection. Inda ya fi EFS shi ne ba ya yarda ya fara aiki sai an ajiye makullin a wani wuri.

Iyakarsa: da zarar Windows ya tashi, faifan a buɗe yake ga duk mai asusu gwargwadon izininsa, admin kuma zai iya karɓe kowace folda ya karanta. In TPM kaɗai ka dogara da shi, kwamfutar ɓarawo ma za ta tashi har zuwa wurin sa kalmar sirri, don haka kalma mai rauni ta rushe aikin. Masu Pro za su iya ƙara PIN na kafin tashi. Fayil ɗin da ya fita daga faifan kuma a buɗe yake fita.

Don filasha akwai BitLocker To Go tun Windows 7, da kalmar sirri yake aiki. Pro ne ke kullewa, amma Home na iya buɗewa. In filashar za ta shiga tsofaffin kwamfutoci, ka zaɓi Compatible mode. Mac ba ya karanta ta sai da ƙarin manhaja. Wani abin daɗi: matsin NTFS yana tafiya a kan BitLocker lafiya lau, don haka shuɗin suna a cikin kullallen faifai ba saɓani ba ne. Abin da EFS ya hana, a nan ya halatta.

7-Zip

Manhaja ce kyauta da Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999. Ita ce kaɗai a cikin biyar ɗin da ke matsewa da kullewa a aiki ɗaya, kuma abin da ta yi yana bin fayil duk inda ya je: filasha, imel, WhatsApp, Mac, Linux, waya.

Ka danna ɓarin dama, 7-Zip, Add to archive. A Windows 11 sai ka fara shiga Show more options. Ka zaɓi tsarin 7z, ka sa kalmar sirri, ka sa maki a Encrypt file names don kada a ga ko jerin sunayen. In tsarin zip ka zaɓa, ka lura da hanyar kullewa: ZipCrypto tsoho ne mai rauni, AES-256 ne na kirki, amma File Explorer ba ya buɗe zip mai AES, sai wanda ka aika wa ya sa 7-Zip ko makamanciyarta. Zip kuma ba ya ɓoye sunaye ko da wace hanya aka kulle shi.

Ba ta dace da fayil ɗin da kake aiki a kai kullum ba. Sai ka kwance, ka gyara, ka sake ƙunshewa, ka goge na waje, kuma na wajen nan shi ake mantawa a Downloads ko a Recycle Bin. Buɗe takarda kai tsaye daga cikin ƙunshin ma yana sauke kwafi a foldar wucin gadi.

Haɗari biyu ne. Kalmar sirri ta ɓace, shi ke nan, babu makullin ceto. Na biyu, 7z yakan dunƙule fayiloli wuri ɗaya kafin ya matse don ya samu ƙarin raguwa, abin da ake kira solid. In wani ɗan yanki ya lalace a filasha, fayilolin da ke bayansa a dunƙulen suna iya tafiya tare. Bayan ƙunshewa ka danna Test kafin ka goge na asali. WinRAR yana da tanadin gyara ƙunshin da ya ɗan lalace, sai dai shi na kuɗi ne bayan kwana 40 na gwaji.

VeraCrypt

Kyauta ce, ta fito a 2013 daga tushen TrueCrypt, wadda masu ita suka dakatar a 2014. Tana ƙirƙirar fayil guda babba, misali GB 20, wanda in ka sa kalmar sirri yake buɗewa kamar sabon faifai mai harafinsa. Ka yi aiki a ciki yadda ka saba, ka rufe, ya koma fayil ɗaya da ba a gane komai a cikinsa. Tana aiki a Windows kowane iri har Home, da Mac da Linux, kuma ba ruwanta da asusunka, don haka fomatin ba ya shafarta.

Ita ce mafi wahalar saiti, kuma sai da izinin admin ake sa ta a kwamfuta ko a gudanar da ita daga filasha, abin da ke kashe amfaninta a kwamfutar aro. Za ta gargaɗe ka in kalmarka ba ta kai harafi 20 ba. Filasha mai FAT32 ba ta ɗaukar fayil da ya kai GB 4, sai ka mayar da ita exFAT. Goge fayil ɗaya a nan goge komai ne, zare filasha ba a rufe ba kuma na iya lalata abin da ke ciki. A menu na Tools akwai Backup Volume Header. Ka yi shi ka ajiye daban, domin wannan header, wato sashen farko na fayil ɗin, shi ne ke riƙe da makulli.

| Hanya | Launin suna | Kuɗi | Bin fayil zuwa waje | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Matsin NTFS | Shuɗi | Kyauta a kowane Windows | Ba ya bi | Maki ɗaya | Nauyi a manyan fayiloli. Ba tsaro |
| EFS | Kore | Sai Pro ko sama | Ba abin dogaro ba | Maki ɗaya | Rasa satifiket bayan fomatin |
| BitLocker | Baƙi | Pro. Home na da ƙaramin nau'i | Sai a kullalliyar filasha | Saiti sau ɗaya | Rasa lamba 48 |
| 7-Zip | Baƙi | Kyauta | Yana bi ko'ina | Kwancewa da ƙunshewa | Manta kalma. Lalacewar ƙunshi |
| VeraCrypt | Baƙi | Kyauta | Yana bi, in akwai manhajar | Sai an koya | Manta kalma. Goge fayil ɗaya |

Wa ya dace da wanne

Faifai ya cika, ba ka da damuwar sirri: ka matse foldojin rubutu da tsofaffin ayyuka da NTFS, ka duba Size on disk. In bambancin bai kai a yi magana ba, ka warware. In bidiyo da hotuna ne suka cinye wurin, babu matsin da zai cece ka, faifan waje ne maganin. Shuɗɗan sunayen da ka tarar ba kai ka yi ba kuwa, ka bar su, ba sa cutar da komai.

Laftof da ke yawo da kai: BitLocker ko Device encryption, da lambobi 48 a wuri biyu da ba cikin jakar laftof ɗin ba. EFS a nan rabin aiki ne, don yana barin sunaye da fayilolin wucin gadi a fili.

Kwamfuta ɗaya, mutane da yawa, kowa da asusunsa: a nan ne kawai EFS yake da gurbin da BitLocker ba zai cike ba, da sharaɗin Pro ne kuma pfx yana hannu. In Home ne, ko kuwa asusu ɗaya kowa ke shiga da shi, kore ba zai yi maka komai ba, VeraCrypt za ka nema.

Ka ga koren suna kuma ana shirin fomatin ko sauya kwamfuta: kada a taɓa komai sai ka shiga asusun da ke buɗe su ka yi `cipher /x`, ko ka cire kullen da `cipher /d /s:` haɗe da adireshin foldar, ka ga sunayen sun koma baƙi. Umarnin `cipher /u /n` zai jero maka duk kullallun fayilolin da ke kan faifan, har waɗanda ka manta da su.

Aika takarda mai sirri: 7z da kullen sunaye, kalmar sirri kuma ta bi wata hanya daban, ba cikin saƙon da ke ɗauke da fayil ɗin ba.

Filasha tsakanin kwamfutocin Windows zalla: BitLocker To Go. In har da Mac ko Linux a hanya, VeraCrypt ga abin da ake gyarawa kullum, 7-Zip ga abin da karantawa kawai za a yi.

Ajiyar shekaru, irin takardun da ba za a buɗe ba sai buƙata ta taso: 7-Zip, amma a raba su ƙananan ƙunshi shekara-shekara maimakon guda ɗaya ƙato, a sa Solid Block size a kan Non-solid, a yi kwafi biyu a na'urori daban, a kuma riƙa danna Test a kansu lokaci-lokaci.